Tana Hannun Marika

Kerasari, 30 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Fotini,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Stamatis. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar matata Despina da ta soma ciwonta na lokacin sanyi. Yaranki suna ci suna sha, ba wanda ya yi ko mura. Ban rubuto don in tayar miki da hankali ba, na rubuto ne ki san abin da kika bar mini.

Ranar da kuka sauke su a watan Agusta kuka juya mota zuwa Jamus, kin ce mini kafin a gama shanya taba sun saba. An shanya, an ɗaure, ba su saba ba. Argiro shekararta goma sha ɗaya, har yau ba ta iya yi wa baƙo sannu da zuwa ba. Fada, limamin cocinmu, ya miƙa mata hannu ta sumbata, sai ta kama hannun ta girgiza kamar wadda ta sayar masa da jaki. Despina ta yini tana dafa miyar wake, yarinya ta ture kwanon wai ita burodi da cakulan take so. Da yamma lokacin da mutane ke fitowa dandali, su sun shige bargo. Da rana kuwa, sa'ad da kowa ya rufe taga ya kishingiɗa, lokacin ne suke buga ƙwallo a bangon maƙwabta.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya na shekaranjiya ne. Ranar faretin 'yan makaranta muna tsaye gaban dutsen da aka rubuta sunayen mutanenmu da sojojin Jamus suka harbe, malami yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai Anestis ya hango wani kare, ya ƙwala wa yayarsa kira da Jamusanci. Gaban gari duka. Tsohuwa Marika, wadda yayyenta biyu ke cikin sunayen, ta tofar da yawu ta ja mayafinta ta bar wurin. Na rasa inda zan sa fuskata. Yanzu a gidan gahawa ba a kirana da sunana, sai kawun Jamusawa.

Saboda haka na kafa doka. A ƙarƙashin rufin nan ba a Jamusanci. Wanda bai iya faɗin abu da Girkanci ba, ya yi shiru har ya iya.

Magana ta biyu. Mama ta cika shekara biyar a ƙasa. Fada ya sa Asabar ta uku ta watan gobe za a tono ta, a wanke ƙasusuwan, a sa a akwati a ajiye a ɗakin bayan coci kusa da na Baba. Kin san a al'adarmu 'ya mace ce ke karɓar ƙoƙon kai in an ciro shi. Ki nemi hutu ki zo.

Yayanki,
Lefteris

Nuremberg, 8 ga Nuwamba, 1984

Yaya Lefteris,

Na sami wasiƙarka, na gode wa Allah da na ji kuna lafiya. Mu ma haka, sai bayan Stamatis da ke damunsa in ya yi aikin dare. Na sa wa Despina man shafawa a akwatin yara, ta riƙa ɗumama shi kafin ta shafa.

Yanzu ka saurare ni. Anestis shekararsa bakwai. Kare ya gani. Yaƙin da kake magana, ko ubansa ba a yaye shi ba lokacin. Maimakon ka ɗauki yaron ka rufa masa asiri, sai ka tsaya kana neman inda za ka sa fuskarka. Fuskarka ce ta dame ka, ba shi ba.

Wa ya ce a kawo su? Shekara da shekaru duk wasiƙarka magana ɗaya ce: yaranku sun zama baƙi, in kun dawo gida ba makarantar da za ta karɓe su, ku kawo su su koyi harshen iyayensu. Kai ka cika wa Stamatis kunne har muka cika mota. Muka keto Yugoslabiya cikin zafin nan, yaro yana amai a cinyata, yarinya tana tambayata ko akwai wurin iyo a Kerasari. Ka tarbe mu da rago, ka ce mu tafi hankali kwance, 'ya'yanka ne. To haka kake yi wa 'ya'yanka?

Yara biyu ne, a duk garin nan junansu kaɗai suke ganewa, ka zo ka ɗinke musu baki. In Anestis ya yi mugun mafarki, da wane harshe zai gaya wa yayarsa? Ni da na zo ƙasar nan shekara guda ina nuna kaza da yatsa a kanti, mutane suna yi mini kallon kurma, amma ba Bajamushen da ya taɓa shigowa ɗakina ya hana ni kuka da Girkanci. Ka soke dokar nan. Ba roƙonka nake yi ba. Hannun fada kuma za ta koya. A nan girgiza hannu shi ne ladabi, ladabi ta yi masa.

Batun Mama, ba zan samu zuwa ba. Hutuna na bana na ƙone shi a hanyar kawo su. Na je wurin shugaban sashenmu a masana'anta, ya tambaye ni yaushe ta rasu, na faɗa masa, ya dube ni ya ce wadda ta rasu shekara biyar ai ba ta gaggawa. Na shiga banɗaki na yi kukana na koma kan injina. Despina ta karɓi kan a madadina, Mama ta riƙe ta kamar 'ya.

Abu ɗaya, ka karanta shi sau biyu. Kada ka kai mini yara maƙabarta. A nan ko gawa ba su taɓa gani ba. Ku bar su wurin maƙwabta har a gama.

Ƙanwarka,
Fotini

Kerasari, 23 ga Nuwamba, 1984

Fotini,

Muna gaishe ku. Muna lafiya, Despina ta gode da man, ta ce yana yi mata. Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri bana, ta rufe hanya, wasiƙarki ba ta iso ba sai Laraba. An tono Mama tun Asabar.

Ta fito fes, ƙasusuwa tsaf ba ɗigon nama, tsofaffi suna ta cewa Allah ya karɓe ta. An wanke da ruwan inabi, an raba dafaffiyar alkama, mutane sun tako a ƙafa har daga garuruwan gindin dutsen nan. Sun tambaye ki. Na ce musu injin Bajamushe bai sake ki ba.

Anestis bai je ba, yana gidan maƙwabta. Argiro ta je. Despina suruka ce, ba jini ba, ba zan miƙa kan uwata ga suruka ba alhali ga jikarta mai sunanta tsaye a gidana. Ita ta karɓa. Ko da wasiƙarki ta zo da wuri haka zan yi, kada ki ce na fake da hanya.

Dokata tana nan. Gidana ne.

Tun ranar yarinyar ba ta sake kwana a gidan nan ba. Tana hannun Marika. Motar birnin Kozani tana jira, zan ba direba wasiƙar ya sa mini a can.

Lefteris

Nuremberg, 1 ga Disamba, 1984

Lefteris,

Ina gaida Despina da ɗana. Kai ba ni da gaisuwar da zan ba ka. Lafiyata kuma kada ka tambaya.

Tana hannun Marika. Haka ka rubuta, ka sa hannu, ka ruga wurin direba. A garin nan na girma, na san wa ake kaiwa hannun Marika. Wanda baki ya kama, wanda ya daina ci, wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Na tuna 'yar mai niƙa da ta ga an tsamo ƙanenta daga rafi, aka kai ta hannun Marika tana ta dariya ba ta san kowa ba, har ta mutu ba ta dawo daidai ba. Ka ɗauki yarinyar da ke barci da fitila a kunne, ka tsayar da ita bakin rami, ka ɗora mata ƙoƙon kan mutum a hannu. Da ta zauce, sai ka miƙa ta ga matar da ta tofa wa ƙanenta yawu. Me take yi mata? Hayaƙi? Ɗiga mai a ruwa? Likita na Kozani, mota na zuwa kullum, ka ba direba wasiƙa amma ba ka ba shi yarinyar ba.

Na buga waya gidan gahawa har kuɗin hannuna suka ƙare. Da ƙyar ta shiga, wani ya ɗauka ana ta hayaniyar karta, ya ce kawun Jamusawa ya tafi gona, ya yi dariya, layin ya yanke.

Stamatis ya karɓi hutun Kirsimeti, zai taho ya kwashe su duka biyun. Ka haɗa musu kayansu. Harshen iyayen nasu ka riƙe abinka. Kafin nan ka rubuto mini yau yau ɗin nan: tana magana? Tana ci? Ta gane ƙanenta?

Fotini

Nuremberg, 13 ga Disamba, 1984

Lefteris,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba wanda ya ga dama ya gaya mini. Kullum na taso aiki akwatin wasiƙa nake fara buɗewa. An ce hanyarku ta buɗe tuntuni. In kana hukunta ni ne da shiru, ka iya, ya kama ni. Ka ba Despina takarda ta rubuto in kai hannunka ya shanye.

Fotini

Kerasari, 15 ga Disamba, 1984

Fotini,

Muna lafiya ƙalau, har wadda kika haukatar a wasiƙarki. Ina gaida Stamatis. Na yi kwanaki ban amsa ba domin in na amsa a ranar, da abin da zan rubuta ba zai gogu ba. Kin ɗauke ni mutumin da zai ga 'yar ƙanwarsa ta zauce ya rufe ta a ɗakin tsohuwa. Shekara arba'in da sanina, iyakar abin da kika sani ke nan.

Ga abin da ya faru, tunda sai an tauna miki.

Da aka kai ga akwatin, mai tono ya ciro kan ya goge, Marika ta naɗe shi a farin ƙyalle, don ita ke wannan aikin tun kafin a haife mu. Ta duba ta ga wa zan tura gaba, ta ɗaure fuska, amma ta miƙa. Argiro ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ja baya ba. Ta ga haƙorin zinariyar Mama, ta gane shi, ashe ta tuna shekarar da Mama ta yi lokacin sanyi a wurinku. Ta sumbaci goshin kamar yadda aka nuna mata. Sai kawai ta soma yi wa kan magana da Jamusanci, a hankali, doguwar magana, gaban fada da matan gari. Jini ya hau mini kai. Na ɗaga hannu, ban san ko rufe mata baki zan yi ko me ba. Marika ta buge mini hannun da sandarta ta ce, "Sauke. Da kakarta take magana, ba da kai ba."

Bayan an watse ta tare yarinyar a bakin ƙofar maƙabarta ta tambaye ta me ta gaya wa tsohuwar. Argiro ta yi ta laluben kalmomi ba ta samu ba. Marika ta ce to ta zo ta riƙa kwana a wurinta har ta iya faɗa, dama tana neman mai miƙo mata ruwa in tari ya taso mata. Yarinya ta zo gida ta naɗe bargonta ta fita, ko kallona ba ta yi ba. Hannun Marika ke nan. Da safe ta zo ta ɗauki ƙanenta su tafi makaranta, da rana ta ci abinci a nan, da yamma ta koma. Ta iya hura murhu, ta iya tatsar akuya. Girkanci ya soma fita, irin na Marika, rabinsa zagi. Shekaranjiya ta kira ni tsohon alfadari, Despina ta kusa ƙwarewa da dariya.

Kin ce in gaya miki ko tana magana. Tana yi. Ta ma iya faɗin abin da ta gaya wa Mama, Marika ta kawo mini shi har gida, ta tsaya a ƙofa ta faɗa ta juya. Cewa ta yi, "Kaka, Mama ta ce hutu muka zo. Da safe na tashi na ga ana sa kaya a mota, ban da namu."

Ni na hana su Jamusanci, na yarda. Ni na kai ta maƙabarta. Amma ba ni na ce musu hutu suka zo ba. Ki daina neman wanda ya ji wa 'yarki ciwo a wannan gefen dutsen.

Stamatis ya zo, ƙofa a buɗe take.

Lefteris

Nuremberg, 14 ga Janairu, 1985

Yaya Lefteris,

Barka da sabuwar shekara, kai da Despina. Stamatis ya iso lafiya da Anestis, mun ga zuma da cukun da kuka aiko, an gode. Ni na yi mura, ta sake ni.

Ka yi kwana da kwanaki kana riƙe da maganar nan kamar wuƙa, ka jira sai da na durƙusa sannan ka soka. Ta shiga, ka ji daɗi. Amma ka tuna wa ya ce kada a gaya musu. A teburin gidanka, kana yanka kankana, ka ce in an faɗa musu za su yi ta kuka har mako, gara a yi farat ɗaya kamar cire haƙori. Mu uku muka yi, ni kaɗai ta kai ƙara wurin Mama, don ni ce uwarta. Wannan na ɗauka. Kai kuma kada ka wanke hannunka a kaina.

Ka san abin da ya faru a gidan Marika tunda a bakin ƙofa ka tsaya, amma bari ka ji yadda ya iso mini. Stamatis ya ce ya shiga da sabuwar rigar sanyin da na saya mata, ya tarar da ita tana gyaran wake. Ya yi mata magana da Jamusanci, ta amsa masa da Girkanci. Ya ce ta tashi ta haɗa kaya, mamarta na jira. Ta ce, "Kun kawo ni ba ku tambaye ni ba. Yanzu za ku kwashe ni ba ku tambaye ni ba. Ni buhun taba ce?" Ya ce to yanzu yana tambaya. Ta ce a'a. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya ce zai ɗauke ta cak ya sa a mota. Marika tana zaune, da ya matsa sai ta ce ya ɗauka mana, ai ya saba. Mijina ya fito ya zauna a mota ya yi kuka, mutumin da ban ga hawayensa ba ko a jana'izar ubansa. Rigar ma ba ta karɓa ba, wai a ba wata a makaranta.

Anestis kuma da na samu, rabin yaro na samu. A makaranta malama ta tambaye shi abu, sai ya waiga ya ga ko an yarda ya yi magana. A gida yana raɗa. Ba ya barci sai na shimfiɗa masa a gadon yayarsa. Aikin dokarka ke nan, ka zo ka gani.

Na kai takardar barin aiki. Ƙarshen Maris zan taho da shi. Stamatis zai zauna shi kaɗai ya cika shekarunsa na fansho, don ba za mu ci iska ba. Ka ga abin da shawararka ta haifa: miji a wata ƙasa, mata a wata.

Ba a gidanka zan sauka ba. Ɗakin Mama na ƙasa da rabin tsakar gida nawa ne, kai ma ka sani, ban taɓa tayar da maganar ba don ina jin nauyinka. Yanzu na daina ji. Ka kwashe tabar da ka jibge a ciki. Kai da rufinka, ni da nawa, abin da za a faɗa a ƙarƙashin nawa kuma ba ruwanka.

Ka gaya wa Argiro ina zuwa. Na rubuta mata sau biyu ba ta amsa ba. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage, ka ce mata kawai ina zuwa kuma ba zan koma ba.

Fotini

Kerasari, 3 ga Fabrairu, 1985

Fotini,

Muna lafiya. Despina na gaishe ki, ta ce a sumbaci Anestis. Marika ta yi zazzaɓi mako guda, ta tashi, 'yarki ce ta yi jinyarta.

Kankanar na tuna. Ba sai kin sake tuna mini ba.

Ɗaki naki ne, ban taɓa cewa ba naki ba ne. Da kin tambaya da bakin mutunci da na ba ki da bakin mutunci. Na kwashe tabar na kai rumbun maƙwabci, ina biyan haya a kan abin da ke gidan ubana, mutanen gidan gahawa sun sami sabon abin dariya. Rufin yana yoyo ta kusurwar gabas, na gyara. Murhun ya tsage, shi kam ke za ki gyara, ni ba bawanki ba ne.

Na faɗa wa Argiro kamar yadda kika ce, ban ƙara ba ban rage ba. Tana wanke kwano, ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni da Anestis za ki zo, na ce e. Shi ke nan abin da ta ce.

Washegari da ta taso makaranta sai na ji motsi a ƙasa. Na leƙa na tarar ta samo bokiti da farar ƙasa wurin Marika tana shafe bango, ta ɓata gashinta da rigarta duka. Ba wanda ya sa ta. Kwana uku tana yi, har saman da hannunta bai kai ba ta hau kujera. Ta wanke tagar, ta kawo hoton Mama daga sama ta rataye, ba ta nemi izinina ba.

Da ta gama na ce mata zan sauko da gadaje daga sama, nawa zan kawo. Ta ce biyu, naki da na ƙanenta. Na ce nata fa. Ta ce ita tana da wurin kwana.

Biyu na sauko da su. Na ukun yana nan sama, na ɗaure ƙafarsa da ta karye, duk ranar da aka ce in kawo zan kawo. Ba ni zan ce ba.

Ki rubuto ranar da jirgin ƙasanku zai iso Tasalonika. Ki taho da barguna masu kauri, ɗakin nan ko a Maris sanyi gare shi.

Yayanki,
Lefteris